Kyandir ɗin waken suya ya baƙanta min bango, to wanne ne mai sauƙin illa?

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ni mace ce mai son kyandir, ba don rashin wuta ba, ina dai son haskensa da ƙamshinsa idan yara sun kwanta gida ya yi tsit. Shekara da shekaru ina kunna na gama-gari, sai kwanakin baya na ci karo da wani bidiyo ana cewa na farafin daga ɗanyen mai ake yin sa, wai kunna shi daidai yake da tayar da janareta a tsakar ɗaki. Hankalina ya tashi, na tattara su na zuba a kwali, na sayo wanda aka ce na waken suya ne, har da zanen ganye kore a jikinsa. Yau sati uku ke nan. Jiya na sauke hoton da ke rataye saman teburin da nake ɗora shi, sai ga gurbin hoton fari tas, kewayensa kuwa duk ya yi duhu. Bakin kwalbar ma ya yi baƙi ƙirin. Shin cutata aka yi ne, ko dama duk kanwar ja ce? Wanne mutum zai saya hankalinsa kwance, don lafiyar gida da kuma muhalli?

Auta:
Anti, ki kunna fitila mai caji ki huta. Na rufe muhawara.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Auta matsa gefe manya su yi magana. Maman Nana, ni ina haɗa kyandir da hannuna, don haka kafin mu ɗora wa waken suya laifi ki amsa min uku. Kina yanke lagwanin kafin ki kunna? Akwai fanka ko taga kusa da teburin? Kuma awa nawa yake yi a kunne?

Maman Nana:
Au, dama ana yanke shi? Wallahi ban taɓa ba. Kansa har ya yi wani dunƙule baƙi kamar kan ƙusa. Fanka kuwa tana kaɗawa. Nakan kunna wajen ƙarfe takwas, wani lokacin sai sha biyu ta gota nake kashewa.

Anti Bilki:
To ga ɓarawonki nan, ba a nesa yake ba. Lagwani idan ya yi tsawo yana zuƙo narkakken kaki fiye da abin da harshen wutar zai iya cinyewa, ragowar sai ya fita a matsayin baƙin hayaƙi. Fanka kuma tana kaɗa wutar tana rawa, duk rawar da ta yi sai ta tofar da kunkunniya. Ko kakin zuma tsantsa kika yi wa haka sai ya ɓata miki bango. Duk lokacin da za ki kunna, ki sa almakashi ki rage lagwanin ya koma kamar milimita 6, ki cire dunƙulen nan kada ya faɗa ciki. Kada ya wuce awa 4 a kunne. Ki kawar da shi daga hanyar iska. Wutar da ke ci daidai za ki gan ta a tsaye, ba ta rawa, ba ta hayaƙi.

Amma fa ban wanke mai kyandir ɗin gaba ɗaya ba. Idan kin yi duk wannan ya ci gaba da hayaƙi, to lagwanin ya fi ƙarfin kwalbar, ko an cika masa turare fiye da kima.

Malam Sabo:
Anti Bilki ta faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da muke koya wa ɗalibai. Hasken nan ruwan ɗorawa da kike so a kyandir, ba komai ba ne illa kunkunniyar kanta. Ƙananan ƙwayoyin gawayi ne suke yin zafi har su yi haske a cikin harshen wutar, inda zafin ke kaiwa wajen digiri 1,000. Idan wutar na tsaye, suna ƙonewa ƙurmus kafin su kai tsininta. Idan aka dame ta sai su kuɓuce su je su manne a bango. Ashe kowane kyandir yana ƙera kunkunniya, bambancin shi ne ko ya cinye abarsa ko ya bar miki. Masanin kimiyya Michael Faraday ya yi wa matasa jerin laccoci guda shida a Landan a kan wannan kaɗai, aka buga su littafi a 1861, kuma har yau bayanin bai tsufa ba.

Maganar janareta kuwa an zuzuta. Gaskiya ne farafin daga matatar mai yake fitowa, ana ware shi ne lokacin da ake tace man shafa injuna. Amma wanda aka tace shi sosai abu ne mai tsafta, kuma idan ya ƙone daidai, yawancin abin da yake fitarwa tururin ruwa ne da iskar kabon, kamar sauran.

Zainabu:
Malam, da girmamawa, a nan zan ɗan ja da kai. Maman Nana tambaya biyu ta yi, lafiyar gida da muhalli, kai kuma ka amsa ta farko kawai. Ko da farafin ya ƙone tas, kabon ɗin da ke cikinsa ya yi miliyoyin shekaru a binne, mu muka tono shi muka sake shi sama. Na tsiro kuwa, wanda shukar ta zuƙa bara ne take mayarwa. Wannan bambanci ne na gaske, ba talla ba. Kuma a kan lafiyar ma, ai akwai binciken Jami'ar Jihar Karolina ta Kudu a Amurka na 2009 da ya ce farafin na fitar da sinadarai irin su toluwin da benzin.

Malam Sabo:
Na karɓi gyaran farko, Zainabu, haka abin yake. Na biyun kuwa bari mu kwance shi. Wannan binciken a taron ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka aka gabatar da shi, jaridu suka ɗauka suka yaɗa, masu masana'antar kyandir suka yi masa ca. Shekara biyu kafin nan, a 2007, wani ɗakin gwaji a Jamus ya ƙona farafin da waken suya da manja da kakin zuma da sitarin (wani kaki mai tauri daga manja ko kitse), ya ce hayaƙinsu kusan iri ɗaya ne, kuma duk yana ƙasa da matakin da ake tsoro. Sai dai wa ya biya kuɗin wannan aikin? Ƙungiyoyin masu yin kyandir. Kin ga kowa na da inda yake karkata. Abin da ni na tsaya a kai shi ne abin da zan iya nuna wa yaro a aji da farin faranti: ki riƙe shi sama da wutar da ke tsaye, sannan sama da wadda ke rawa, ki kwatanta. Bambancin da za ki gani ya fi wanda ke tsakanin kaki da kaki.

Injiniya:
Ku bari in sa lissafi a ciki don mu san girman abin da muke faɗa a kai. Giram ɗaya na farafin idan ya ƙone yana ba da kusan giram 3 na iskar kabon. Ƙaramin kyandir ɗin nan na cikin gwangwanin alminiyam, mai cin awa 4, kakinsa bai wuce giram 14 ba, wato giram 40 da 'yan kai na iskar. Lita ɗaya ta fetur kuwa tana fitar da kusan kilo 2.3. Sai kin ƙona irin waɗannan fiye da 50 kafin ki kamo lita ɗaya. Ban ce a yi sakaci ba, amma wanda ya tuƙa mota ya tsallaka gari don neman kyandir na tsiro, ya riga ya cinye ribar a hanya.

Kuma abin da mutane ba sa kallo: kwalbar. Gilashi sai an narka shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Sau da yawa kwalbar ta fi kakin cikinta nauyi, a sa mata murfin ƙarfe, a sa a kwali, a naɗe da leda, a yi jigilarta. In ta ƙare a jefar. Ni a ganina nan ne ɓarnar take, ba a harshen wutar ba.

Zainabu:
Injiniya lissafinka na mutum ɗaya ne. Ka ninka shi da miliyoyin gidaje mana.

Injiniya:
Na ninka, ƙanwata. Sai dai kwalaben ma sun ninku.

Auta:
An ci ɗaya da nema.

Zainabu:
Auta kai dai ba ka da aiki. To ni ma ba ina kare waken suya ido rufe ba ne, bari in faɗi nasa laifin don kada a ce na ɓoye. Brazil ce kan gaba a nomansa, Amurka na biye, sai Ajantina. A Brazil an share dazuzzuka masu yawa saboda shi. A 2006 manyan 'yan kasuwar waken suka yi yarjejeniyar daina sayen wanda aka noma a sabon share na dajin Amazon, kuma ta yi tasiri, amma ba ta shafi yankin Serado na tsakiyar Brazil ba, inda sharar ta ci gaba. Idan aka sare daji don a shuka, to wancan lissafin nawa na cewa shuka ta zuƙa ta mayar ya rushe, domin kabon ɗin da bishiyoyin suka tara ya riga ya tashi.

Sannan ba daga gona ake tsinko kakin ba. Man waken ruwa ne. Ana fitar da shi da wani sinadari mai suna heksen, shi ma daga ɗanyen mai, sannan a cusa masa iskar haidurojin a masana'anta har ya daskare. Adalci dai, yawancin waken da ake nomawa abincin dabbobi ake yi da shi, kyandir ɗan ƙaramin kaso ne.

Maman Nana:
Innalillahi. Wato na gudu ban tsira ba.

Anti Bilki:
Kwantar da hankalinki. Ɗauko kwalin ki karanta mana abin da aka rubuta daidai. An ce ɗari bisa ɗari, ko an ce gauraye?

Maman Nana:
Na duba. A gaba an rubuta waken suya da manyan baƙaƙe. A ƙasa can da ƙananan rubutu an ce gaurayen kaki ne. Ba a faɗi da me aka gauraya ba.

Anti Bilki:
Na san za a rina. Kalmar gauraye ba ta gaya miki kashi nawa ne waken, kashi nawa ne wani abu, kuma galibi wani abun farafin ne. Ba don mugunta kawai ake yi ba, mu masu haɗawa mun san dalili. Kakin waken suya yana da laushi, ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa idan ana zafi, shi ya sa kusan kullum a kwalba za ki gan shi. Samansa kan yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, kuma ba ya watsa ƙamshi kamar farafin. Sai a zuba farafin a gyara waɗannan. Laifin shi ne a ɓoye. Haka na kwakwa, man kwakwa yana narkewa tun a digiri 24, don haka da wuya ki samu wanda ba a haɗa shi da wani abu mai tauri ba. Duk wanda ya ce miki nasa na tsiro ne, ki tambaye shi wane tsiro, kashi nawa, daga ina. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. In ya fara kame-kame, kin samu amsa.

Zanen ganye kore kuwa, kowa na iya bugawa.

Baba Mai Zuma:
Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna min wannan zancen ta ce in sa baki, tunda na tsufa cikin kiwon zuma. Kun yi ta maganar masana'anta, ni bari in ba ku labarin ƙudan. Kaki daga jikinsa yake fita. Ma'aikatan ƙudan, 'yan sati biyu zuwa uku da haihuwa, suna da wasu kafofi takwas a ƙarƙashin ciki, nan kakin ke tsattsafowa ɓaro-ɓaro kamar ƙananan sulalla, su tauna su gina saƙa. Kafin su samar da kilo ɗaya na kaki sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8. To kun ga ba abin banza ba ne, guminsu ne.

Kyandir ɗinsa yana da tauri, sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, yana ci a hankali, yana tsayawa ba tare da kwalba ba, kuma yana da ɗan ƙamshin zuma nasa na halitta ba sai an zuba komai ba. Amma in gaya muku gaskiya, 'ya'yana, idan duk duniya ta ce shi za ta kunna, ƙudan ba za su iya ba. Kuma yadda aka samo shi ma abin dubawa ne. Mai kiwon kirki yana yanke murfin saƙar ne da tsohuwar saƙa, ya bar wa ƙudan abincinsu da 'ya'yansu. Wani kuwa wuta zai sa ya ƙone amya ya kwashe komai. Kakin duka biyun kamarsu ɗaya a ido.

Zainabu:
Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yaya ake gane na gaskiya? Na ji ana cakuɗa shi.

Baba Mai Zuma:
Ana yi ƙwarai, 'yata, da farafin ake cakuɗawa a sa masa launi. Na gaskiya idan ya yi sanyi kika karya shi, bakin karayar yana da ɓarzo-ɓarzo, ba ya sheƙi kamar gilashi. In kika murza ɗan guntu a yatsa zai yi laushi ya yi danƙo, ba ya barin maiƙo. Idan ya daɗe a ajiye yakan yi wata farar ƙura a jiki wadda ke gogewa da tsumma, wannan ba lalacewa ba ce, alama ce mai kyau. Launinsa ma ba ya zama iri ɗaya kullum, ya danganta da furen da ƙudan suka bi. Amma gwanin algus yana iya wuce duk wannan. Abin da ya fi shi ne ki san hannun da ya fito.

Ummu Sadik:
Ni na karanta cewa kyandir ɗin kakin zuma yana tsarkake iskar ɗaki, yana fitar da wasu abubuwa da ke kama ƙura. Shi ya sa nake kunna wa yarona mai asma.

Malam Sabo:
Ummu Sadik, don Allah ki daina. Wannan zance ne na masu talla, babu wutar da ke ci a ɗaki ta bar iskarsa ta fi da tsabta. Kakin zuma abu ne mai kyau, amma ƙonewa yake yi kamar kowa, yana fitar da ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani waɗanda ke shiga can cikin huhu. Yaro mai asma, ɗakin da yake kwana ba wurin kyandir ba ne ko wane iri.

Baba Mai Zuma:
Malam ya yi gaskiya. Ni mai sayar da kaki ne, amma ba zan ce miki magani ba ne.

Hajiya Kulu:
Ummu Sadik ki ji maganarsu. Jikana haka yake, kuma mun daɗe ba mu gane ba. Abin da na lura da shi, mara ƙamshi bai cika tayar masa ba idan a falo ne taga a buɗe, amma mai ƙamshi ko ba a kunna ba, murfin kawai aka buɗe, sai ya fara tari. Shi ya sa nake mamaki tun ɗazu kuna ta faɗa a kan kaki, ba wanda ya taɓo turaren da ake zubawa.

Anti Bilki:
Hajiya kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Turaren kan kai kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin kyandir, kuma a kwali kalma ɗaya ake rubutawa, ƙamshi, alhali sinadarai da dama ne a ciki. Akwai ƙungiyar IFRA ta masu masana'antar turare da ke sa iyaka ga abin da za a zuba, mai haɗawa na kirki yana neman takardar da ke nuna turarensa ya bi wannan ƙa'idar. Wasu kuma suna rubuta cewa babu sinadarin talet, wanda ake sa wa wasu turaruka, a nasu, yana da kyau a duba.

Zainabu:
Shi ya sa ni sai mai man tsirrai zalla.

Malam Sabo:
Yau dai ni da ke ne, Zainabu. Huhu ba ya tambayar daga ina sinadari ya fito. Ɗauki limonin, wanda ke ba ɓawon lemo ƙamshinsa. Daga itace yake, amma idan ya haɗu da iskar ozon da ke cikin ɗaki yana iya haifar da wani sinadari mai illa, fomaldehaid, ko na lemo ne ko na masana'anta. Yawansa kaɗan ne a ɗakin da iska ke shiga, amma a rufaffen ɗaki yana taruwa. Masu kyanwa da tsuntsaye a gida ma su kula, wasu mayukan tsirrai kamar na itacen turare ba sa yi musu daɗi, tsuntsu kuwa huhunsa ba ya jure hayaƙi ko kaɗan.

Ta fuskar muhallin da kike karewa ma, kafin a samu kilo ɗaya na man fure wardi sai an tara furanni tan 3 zuwa 4. Itacen sandal na Indiya an sare shi har ya shiga jerin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu, itacen udu kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare dabbobi da tsirran daji saboda wannan dalilin. Wani lokacin ƙamshin da aka haɗa a ɗakin gwaji shi ne ya bar itacen a tsaye.

Zainabu:
Wannan na sandal ɗin ban taɓa kallonsa ta nan ba. Na sallama rabi. Amma sai dai mu haɗu a kan mara ƙamshi.

Malam Sabo:
A nan kam ba mu da faɗa.

Auta:
Kyandir ba ƙamshi ai shayi ne ba sukari. Anti Maman Nana ƙamshin take so fa.

Injiniya:
Ba wanda ya yi maganar manja, kuma yana cikin kyandirori da yawa da sunan sitarin ko kakin tsiro kawai. Indunusiya da Malesiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya, kuma an share dazuzzukan Borniyo da Sumatara saboda shi, inda birin nan orangutan yake. Amma abin da ke rikita lissafi, kwakwar manja tana ba da mai tan 3 zuwa 4 a hekta ɗaya, waken suya kuwa da ƙyar yake wuce rabin tan. Wanda ya guje wa manja ya koma waken yana iya cin fili ninki da yawa. Akwai tambarin RSPO na manjan da aka noma bisa ƙa'idar kare muhalli, tun 2004 aka kafa ƙungiyar, ana sukarta cewa ba ta da tsauri, amma ya fi babu. Sitarin kuma ana yin sa da kitsen dabba ma, wanda wannan ya dame shi sai ya tambaya.

Abin dariya a tarihin, a ƙarni na 18 kyandir mafi daraja da kitsen kan kifin wel ake yin sa, ana farautarsu ba ƙaƙƙautawa. Zuwan farafin da kananzir a shekarun 1850 yana cikin abin da ya rage wannan kasuwar. Wato farafin ɗin da muke zagi yau ya taɓa zama shi ne mai ceto.

Hajiya Kulu:
Ikon Allah. To maganar dalma a lagwani fa? Tun da daɗewa nake jin ta.

Anti Bilki:
Gaskiya ce, Hajiya, a da ana sa siririyar wayar dalma a tsakiyar lagwani don ya tsaya a miƙe, kuma tana bin hayaƙi, ga ta da illa ga ƙwaƙwalwar yara. Ostireliya ta hana a 1999, Amurka a 2003. Yanzu wayar da ake sawa yawanci tutiya ce, amma ba kowace ƙasa ke bincike ba, kuma kyandir mara suna ba ki san inda ya fito ba. Ki buɗe zaren sabon lagwani da farce. In kin ga waya, ki goga ta a farar takarda, dalma tana barin zane kamar fensir. Ni dai na huta da wannan, auduga zalla nake amfani da ita, ko mai takarda a ciki. Na katako ma yana da kyau, yana ƙara kamar itace na ci, sai dai yana son a rage shi ƙwarai.

Kuma ku guji waɗanda aka yi wa ado da busassun furanni da ƙyalƙyali a sama. Furen yana kamawa da wuta, ƙyalƙyalin kuma roba ce. Mai kama da ruwan jeli shi ma mai ne daga matatar mai aka daskarar da roba.

Auta:
To kun ga dai maganata ta farko ta fito. Akwai ma kyandir na LED mai batir, wutarsa har rawa take.

Injiniya:
In haske ake nema, Auta ya ci gari. Kyandir ɗaya yana ba da hasken lumen (ma'aunin haske) 12 ko 13, yana zubar da zafin wat kusan 80. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da lumen 800. Kyandir murhu ne da ke ɗan haske, ba fitila ba. Amma na roba mai ƙaramin batir kamar maɓalli, wanda in ya mutu ake jefarwa, shara ce ta lantarki, kuma batirin haɗari ne babba idan yaro ya haɗiye. In za a saya a nemi mai caji.

Maman Nana:
Auta na gode, amma wutar roba ba ta yi min. Anti Bilki, to kwalin farafin ɗin da na ajiye fa, in zubar? Kuma ina da kwalabe sun fi goma da guntun kaki a gindinsu.

Zainabu:
Kada ki zubar, Anti. Ni mai adawa da farafin ce amma an riga an yi shi, jefar da shi ba ya mayar da shi rijiyar mai. Ki ƙone abinki a hankali, in ya ƙare sai ki sake shawara.

Anti Bilki:
Kwalaben kuwa dukiya ce. Ki sa su a firiza dare ɗaya, kakin zai tsuke ya ɓallo da cokali. Ko ki zuba ruwan zafi, ya narke ya taso sama, in ya huce ki ɗauke shi kamar faifai. Kada ki kuskura ki tuttule narkakken kaki a magudanar ruwa, zai daskare ya toshe. Guntayen ki tara, ki narka su a gwangwani da ke zaune cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, kuma kada ki bar wurin. Ki kafa sabon lagwanin auduga a kwalba ki zuba. Kwalbar da ta tsage ko ta yi ƙwarzane ki cire ta daga wannan aikin. Sannan ki daina ƙona kyandir har gindi, in ya rage kamar santimita 1 ki tsaya, don nan ne gilashi ke yin zafi ya fashe.

Sabo kuma, kunnawar farko ki bar shi har saman ya narke ya taɓa gefe da gefe. In kika kashe da wuri zai riƙa cin rami a tsakiya, rabin kakin ya maƙale a jikin kwalbar ya tafi a banza.

Malam Sabo:
Ƙarin guda ɗaya, wajen kashewa. Farin hayaƙin da ke tashi idan an hure kyandir tururin kaki ne da bai ƙone ba, har za ki iya kai masa ashana daga sama wutar ta bi shi ta koma kan lagwani. A wannan ɗan lokacin ɗaki ke cika da ƙwayoyin hayaƙi. Maimakon hurawa, ki sa ɗan ƙarfe ki tura lagwanin cikin narkakken kakin ki ɗago shi, zai mutu ba hayaƙi. Sai ki buɗe taga na 'yan mintuna.

Ummu Sadik:
Na fitar da shi daga ɗakin yaron tun jiya. Na gode Malam, na gode Hajiya.

Maman Nana:
Na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Na yanke lagwanin, na mayar da teburin lungun da fanka ba ta kaiwa, na goge bakin kwalbar don in gani ko zai sake. Awa uku nake ba shi. Har yanzu gilashin fes yake, wutar a tsaye kamar an zana ta. Na rubuta wa masu kyandir ɗin ina tambayar kashi nawa ne waken, shiru ba amsa. Na narka guntayen nan sun ba ni kwalba biyu, ƙamshinsu ya cakuɗe ya zama wani abu da ban san sunansa ba, maigidan ya ce kamar kantin sabulu. In waɗannan da na kwalin sun ƙare, ina so in gwada na kakin zuma dogo mara kwalba. Baba, a kan me ake kafa shi, kuma ba ya zuba?

Baba Mai Zuma:
Kowane ƙaramin farantin tangaran ya isa, 'yata. Ki ɗiga kakin kaɗan ki dasa shi a kai ya tsaya a miƙe. In ba iska kuma bai karkace ba, da wuya ya yi hawaye. Abin da ya ɗiga ki kankare ki ajiye, lagwani kawai yake jira.

Maman Nana:
To bangon fa? Na sa ruwa da tsumma ya ƙara yaɗuwa.

Anti Bilki:
Kash, da kin tambaya tukuna. Kunkunniya maiƙo gare ta, ruwa yana shafe ta ne cikin fenti. Ki bari ya bushe sarai, ki fara da busasshen soso kina ɗaukewa daga sama zuwa ƙasa ba tare da dirzawa ba, sannan ki bi da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke. Ki gwada a bayan hoton tukuna.